Magance Dafin Ƙwayoyin Cutar Hanji Ba da Antibayotik Ba: Wanne Ya Dace da Wane Majinyaci?

A wasu nau'o'in gudawa mai tsanani, ba ƙwayar cutar da kanta ke yin ɓarna ba, dafin da take fitarwa ne. Clostridioides difficile, wadda likitoci ke taƙaitawa da C. diff, tana fitar da dafi iri biyu, A da B. Suna kutsawa cikin ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe bangon hanji su rusa abin da ke riƙe su, sai bangon ya tsattsage, ruwa ya tsiyaya, kumburi ya biyo baya. Dafin kwalara ba ya yaga komai, tilasta wa hanji yake yi ya riƙa zubar da gishiri da ruwa ba ƙaƙƙautawa. Shi kuwa dafin da ake kira Shiga, wanda wasu nau'o'in ƙwayar E. coli irin su O157:H7 ke fitarwa, yakan bi jini ya isa ƙoda.

Dalilin da ya sa ake neman wata hanya ban da antibayotik a fili yake. Ita C. diff galibi antibayotik ne ke buɗe mata ƙofa, domin yana share ƙwayoyin kirki da ke zaune a hanji, ita kuma ta samu fili. Aka ba da antibayotik irin vancomycin ko fidaxomicin gudawar ta tsaya, amma irinta mai taurin ɓawo yana nan kwance, ba abin da ya same shi. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Kusan majinyaci 1 cikin 5 cutar kan dawo masa cikin 'yan makonni, wanda kuma ta dawo wa sau ɗaya haɗarinsa na sake kamuwa ya ninka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai mutum 223,900 da ke kwance a asibiti sun kamu da ita a ƙasar, 12,800 suka mutu.

Wannan bayanin don mai jinya ne, da majinyacin da ke son fahimtar abin da likita ke ba shi zaɓi a kai, da ma'aikacin lafiya da ke son ganin magungunan a jere. Zaɓin ƙarshe sai tare da likitan da ya duba majinyacin.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma wanda aka fi yin kuskure a kansa: maganin yana tsayar da cutar da ke ci yanzu ne, ko yana hana ta dawowa? Kusan duk abin da za a ambata kan C. diff na biyun yake yi. Wanda ya ajiye vancomycin ana tsakiyar gudawa don ya ji an ce akwai maganin dafi, ya jefa kansa cikin haɗari.

Na biyu, ƙarfin hujja. An gwada maganin a kan mutane da yawa an kwatanta shi da maganin wofi, wato abin da ya yi kama da magani amma babu sinadarin magani a cikinsa, ko a kan ɓeraye kawai ya yi aiki? Sai daɗewar kariyar, da sauƙin amfani, da haɗarin da ke tattare da shi, sannan kuɗi da samuwa. Farashin da za a kawo na Amurka ne, na lokacin da magungunan suka shiga kasuwa, domin can ne aka fara amincewa da su.

Sinadarin garkuwa mai kama dafi: bezlotoxumab

Wannan shi ne ya fi dacewa da sunan maganin dafi. Sinadarin garkuwa ne da aka ƙera a ɗakin gwaji, yana manne wa dafin B ya hana shi kama bangon hanji. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a Oktoban 2016 da sunan Zinplava, na kamfanin Merck. Sau ɗaya ake ba da shi ta jijiya, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki, cikin awa ɗaya, yayin da majinyaci ke kan shan antibayotik ɗinsa.

Hujjarsa mai ƙarfi ce. A manyan gwaje-gwaje biyu, MODIFY I da MODIFY II, da aka buga a 2017, a na farko cutar ta dawo wa kashi 17 cikin 100 na waɗanda suka samu maganin, kashi 28 na waɗanda suka samu na wofi; a na biyun kashi 16 da kashi 26. Wato sai an ba kusan mutum 10 kafin a kare 1 daga dawowar cutar. Ba laifi, amma ba abin al'ajabi ba ne. Gwajin ya kuma warware wata tsohuwar muhawara: an haɗa da actoxumab, mai kama dafin A, bai ƙara komai ba. Ashe dafin B ne babban mai laifi a jikin ɗan Adam.

Kariyarsa ta wucin gadi ce, rabinsa kan bar jiki cikin kwana 19 ko makamancin haka. Aikinsa ya tsare majinyaci a makonnin da ƙwayoyin hanjinsa ke farfaɗowa da kansu, ba ya dawo da su. Babban haɗarinsa ga masu gazawar zuciya ne: a cikinsu, kashi 12.7 sun samu tsanantar ciwon, alhali a ɓangaren maganin wofi kashi 4.8 ne. Kwalba ɗaya ta kai kusan dala 3,800. Sai dai duk wannan lissafi ya kusa zama tarihi, domin kamfanin ya daina sayar da shi a Janairun 2025. In ka ga wani jagoran jinya na 2021 yana ba da shawararsa, ka san an rubuta shi ne lokacin yana kasuwa.

Magungunan da ke ɗaure dafi a cikin hanji

Dabarar tana da daɗin ji: majinyaci ya sha wani gari da jiki ba ya tsotsewa, garin ya manne wa dafin, su fita tare a bahaya. Mafi shahara shi ne tolevamer. An gwada shi kai tsaye da antibayotik, ya sha kaye: kashi 44 suka warke da shi, kashi 73 da metronidazole, kashi 81 da vancomycin. Abin lura ɗaya ne, waɗanda suka warke da shi ba safai cutar ta dawo musu ba, domin bai taɓa ƙwayoyin kirki na hanjinsu ba. Bai taɓa shiga kasuwa ba.

Cholestyramine da colestipol tsofaffin magungunan rage kitsen jini ne, masu araha, ana samunsu. Suna ɗaure dafin C. diff a kwalbar gwaji, amma suna ɗaure vancomycin ma, don haka mai shan su tare yana raunana maganin da ke cetonsa. A ra'ayina wannan rukuni a ajiye shi gefe.

Dashen ƙwayoyin hanji daga bahayar mai lafiya

A nan ne batun ya fi armashi, ko da yake ba kowa ke son jin yadda ake yi ba. Ana karɓar bahayar mutum mai lafiya da aka tantance, a tace, a shigar da ita hanjin majinyaci ta na'urar duba hanji, ko ta dubura, ko ta bututun hanci, ko a cikin kafso. Likita Ben Eiseman ya gwada shi a Denver tun 1958 a kan majinyata 4. Amma gwajin da ya sa duniyar likitanci ta miƙa wuya an yi shi ne a Amsterdam, aka buga a 2013. Cikin mutum 16 da aka yi wa dashen, 13 sun warke a karon farko, adadin ya kai 15 bayan an maimaita wa sauran. Cikin 13 da suka sha vancomycin kaɗai, 4 ne suka warke. An dakatar da gwajin tun kafin lokacinsa, domin ci gaba da hana sauran majinyatan dashen ya zama rashin adalci.

Dashen ba ya kama dafi, yana hana a samar da shi ne tun daga tushe. Ruwan matsarmama da hanta ke zubawa cikin hanji yana ɗauke da sinadaran da ke tayar da irin C. diff daga kwanciya. Ƙwayoyin kirki na babban hanji suna sauya waɗannan sinadarai zuwa wasu da ke danne girmanta, kuma suna cinye abincin da za ta dogara da shi. Antibayotik ya share su, sai sinadarin da ke tayar da irin ya taru, wanda ke danne shi ya ɓace. Dashe yana mayar da ma'aunin inda yake. Shi ya sa kariyarsa ta fi ta kowane zaɓi daɗewa: ƙwayoyin da aka dasa suna zama su hayayyafa, har sai wani sabon antibayotik ya sake share su.

Haɗarinsa na gaske ne. A 2019 FDA ta fitar da gargaɗi bayan majinyata 2 masu raunin garkuwar jiki sun kamu da E. coli mai jure magani daga mai bayarwa guda, ɗayansu ya rasu. Duk ingancin dashe yana rataye ne a kan tantance mai bayarwa: gwajin jini na HIV da ciwon hanta, gwajin bahaya na tsutsotsi da ƙwayoyi masu jure magani, da tarihin lafiyarsa. Akwai masu koyar da yadda ake yin sa a gida ta intanet. Wannan ganganci ne tsantsa. Kuɗinsa ya danganta da hanyar da aka bi. Na'urar duba hanji tana ƙara masa tsada.

Rebyota da Vowst: dashen da aka mayar magani

Kamfanoni sun ɗauki dabarar dashe suka tsara ta yadda kowane ƙunshi zai bi ƙa'ida ɗaya. Rebyota, na kamfanin Ferring, ya samu amincewar FDA a Nuwamban 2022. Ruwa ne mililita 150 da ma'aikacin lafiya ke sawa ta dubura sau ɗaya, kwana 1 zuwa 3 bayan an gama antibayotik, ba sai an wanke ciki ba. Bayan mako 8, kashi 70.6 ba su sake kamuwa ba, a ɓangaren maganin wofi kuma kashi 57.5. Tazarar ba ta da faɗi. Farashinsa kusan dala 9,000.

Vowst ya biyo baya a Afrilun 2023. Shi iri ne zalla na wasu ƙwayoyin hanji, an wanke shi da sinadarin alkohol wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin da ba a so. Ana shan kafso 4 a rana tsawon kwana 3, da safe kafin a ci komai, bayan an sha maganin wanke ciki ana gobe za a fara. A gwajinsa cutar ta dawo wa kashi 12 cikin 100, na wofi kuma kashi 40. Shi ya fi sauƙin amfani, a gida ake sha, kuma shi ya fi tsada, dala 17,500. Kada mai karatu ya jera waɗannan alƙaluma ya yanke cewa Vowst ya ninka Rebyota inganci. Gwaje-gwaje ne daban a kan majinyata daban. Dukansu an amince da su ne ga 'yan shekara 18 zuwa sama, don hana dawowar cuta, ba don tsayar da gudawar da ke ci ba.

Yis da ƙwayoyin kirki na kanti

Saccharomyces boulardii wani yis ne da Bafaranshe Henri Boulard ya gano a yankin Indochina a shekarun 1920. Yana fitar da sinadarin da ke daddatsa dafin A, kuma da yake shi ba bakteriya ba ne, antibayotik ba ya kashe shi. Ga araha, ga sauƙin sha, ba sai da takardar likita ba. Matsalar ita ce hujjar ta kasu. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, AGA, a 2020 ta ce ana iya amfani da wasu nau'o'i don rigakafi yayin shan antibayotik, amma da sharaɗi. Takwararta ACG a 2021 ta ce kada a yi. Babban gwajin PLACIDE na Birtaniya, a kan tsofaffi kusan 3,000 da aka ba wasu nau'o'in bakteriyar kirki, bai nuna amfani ba. Kariyar tana ƙarewa da zarar an daina sha. Ga mai raunin garkuwa ko wanda aka sa wa bututu a babbar jijiya, yis ɗin na iya shiga jini.

Allurar rigakafin dafin C. diff kuwa har yanzu babu. Sanofi ta dakatar da nata gwajin a Disamban 2017, na Pfizer kuma a 2022 bai cimma babban burinsa na hana kamuwa ba, ko da yake waɗanda suka kamu bayan allurar cutar ta zo musu da sauƙi.

| Zaɓi | Aikinsa | Hujja | Daɗewar kariya | Sauƙi | Babban haɗari | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Bezlotoxumab | Kama dafin B | Mai ƙarfi | Makonni | Ƙarin ruwa na awa 1 | Gazawar zuciya | Kusan dala 3,800. An daina sayarwa |
| Masu ɗaure dafi | Manne wa dafi a hanji | Sun gaza | Lokacin sha kawai | Ana sha | Raunana vancomycin | Araha |
| Dashen bahaya | Maido da ƙwayoyin hanji | Mai ƙarfi | Mai tsawo | Sai asibiti mai tsari | Ɗaukar wata cuta | Ya danganta da hanya |
| Rebyota | Maido da ƙwayoyin hanji | Matsakaiciya | Watanni | Sau 1 ta dubura | Ciwon ciki, kumburin ciki | Kusan dala 9,000 |
| Vowst | Dasa irin ƙwayoyin kirki | Mai ƙarfi | Watanni | Kafso na kwana 3 | Kumburin ciki, kasala | Dala 17,500 |
| S. boulardii | Daddatsa dafin A | Ta kasu | Lokacin sha kawai | Mafi sauƙi | Shiga jini ga mai rauni | Araha |
| Ruwan gishiri da sukari | Kauce wa aikin dafin kwalara | Mai ƙarfi ƙwarai | Lokacin cutar | Ko a gida | Kuskuren haɗi | Mafi araha |

Kwalara da dafin Shiga: lissafin ya canza

Teburin ya ƙare da abin da bai yi kama da sauran ba, kuma da gangan ne. Dafin kwalara yana lalata hanyar da hanji ke daidaita gishiri, amma akwai wata hanya da bai taɓa ba, wadda ke jan gishiri tare da sukari, ruwa ya bi su. Ruwan gishiri da sukari, wato ORS, ta wannan ƙofar yake shiga. Ba ya kashe ƙwaya, ba ya kama dafi, yana riƙe ran majinyaci har dafin ya gama aikinsa. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh da ke Indiya, likita Dilip Mahalanabis ya raba shi lokacin da ruwan jijiya ya ƙare, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 zuwa kashi 3.6. Babu wani maganin dafi na zamani da ya kusanci wannan. Ga yara ana haɗawa da zinc, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, jarirai 'yan ƙasa da wata 6 kuma miligiram 10. Wanda ya bushe sosai sai ƙarin ruwa ta jijiya, kuma a nan antibayotik yana da amfani, yana rage tsawon gudawar.

Dafin Shiga shi ne mai wuyar sha'ani. Wasu antibayotik suna sa ƙwayar ta ƙara fitar da dafi, don haka ana guje musu, tare da magungunan tsayar da zawo irin su loperamide, waɗanda ke riƙe dafin a ciki. Abin tsoro shi ne lalacewar jini da ƙoda da kan biyo baya bayan kamar mako guda, musamman ga ƙananan yara. Ɓarkewar 2011 a Jamus, wadda aka gano daga tsiron hulba ta fito, ta jefa fiye da mutum 800 cikin wannan hali, fiye da 50 kuma suka mutu a ɓarkewar baki ɗaya. An gwada wani gari mai ɗaure dafin, Synsorb Pk, a kan yaran da ƙodarsu ta riga ta taɓu, sakamakon 2003 ya nuna bai taimaka ba; kafin a ba da shi dafin ya riga ya bar hanji. Abin da ke hannu shi ne ƙarin ruwa ta jijiya da wuri, da bibiyar jini da fitsari, da wankin ƙoda in ta kama.

Wa ya kamata ya nemi me

Wanda C. diff ta kama karon farko, antibayotik ɗin da ya dace shi ne maganinsa, kuma fidaxomicin ya fi vancomycin rage dawowar cutar in ana iya samunsa. Abu mafi amfani da zai ƙara ba na saya ba ne: a duba ko za a iya dakatar da antibayotik ɗin da ya jawo cutar tun farko, a duba ko maganin rage sinadarin ciki irin omeprazole da yake sha ya zama dole, masu jinya kuma su wanke hannu da sabulu da ruwa, domin man tsaftace hannu mai alkohol ba ya kashe irin C. diff.

Wanda ta dawo wa sau 2 ko fiye, kuma garkuwar jikinsa lafiya, shi ne ainihin mai buƙatar maido da ƙwayoyin hanji. In akwai inshorar da za ta biya kuma yana iya haɗiye kafso da shan maganin wanke ciki, Vowst ya fi sauƙi. Tsoho mai rauni, ko wanda wanke ciki zai wahalar da shi, Rebyota ya fi masa. Inda babu su duka biyun, wanda shi ne halin yawancin ƙasashen duniya, dashe a asibitin da ke tantance masu bayarwa yadda ya kamata ba ya ƙasa da su a inganci, kuma shi kaɗai ne jagoran AGA na 2024 ya ambata ga majinyacin da ke kwance da cuta mai tsanani wadda ta ƙi jin antibayotik.

Mai raunin garkuwa sosai, kamar wanda ke tsakiyar shan maganin daji mai ƙarfi ko wanda bai daɗe da dashen ɓargo ba, shi ya fi asara da janyewar bezlotoxumab, domin babu abu mai rai a cikinsa. Jagoran AGA ya ce a guji dashe a irin wannan hali. Yis ma bai dace da shi ba. Abin da ya rage masa shi ne vancomycin da ake rage adadinsa sannu a hankali tsawon makonni, ko fidaxomicin da aka tsawaita. Mai lafiyar garkuwa da zai sha antibayotik yana son ƙarin kariya mai araha, zai iya gwada S. boulardii bayan ya tambayi likitansa, ya san cewa masana kansu ba su daidaita a kansa ba.

Gudawa mai kama da ruwan shinkafa, a fara ORS nan take a kama hanyar asibiti ana sha. Yaro mai gudawa da jini da murɗar ciki ba tare da zazzaɓi sosai ba, kada a ba shi antibayotik ko maganin tsayar da zawo kafin a gwada bahayarsa, kuma in fitsarinsa ya ragu ko jikinsa ya yi fari, a mayar da shi asibiti a ranar ko da gudawar ta tsaya.